Warin tsohuwar safa a cikin jirgi da ciwon kan da ya ƙi tafiya: wa ya san kan wannan lamari?

Mai Hidima a Sama ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga duk wanda ya san aikin jirgin sama ce, bakanike ko matuƙi ko likita. Shin iskar da muke shaƙa a cikin jirgi tana iya gaurayuwa da man inji har ta yi wa mutum lahani? In tana iya, lahanin mai wucewa ne ko mai zama?

Ni ma'aikaciyar jirgi ce, na daɗe a aikin, kuma galibi a bayan jirgi ake sa ni, wajen kicin. Kwanakin baya jirginmu ya fara gangarowa zai sauka, muna tattara kofuna, sai wani wari ya cika bayan jirgin. Ba hayaƙi, ba abin da ido zai gani. Warin tsohuwar safa mai gumi, da ɗan ƙaurin mai a ƙarƙashinsa. Na leƙa banɗaki, na duba tandar ɗumama abinci, na duba shara, babu komai. Kafin tayoyi su taɓa ƙasa idona yana yaji, maƙogwarona yana ƙaiƙayi, kaina ya yi nauyi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sanarwar sauka. Tun ina sabuwa nake yin ta, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta tas. Ran nan na ɗauki wayar, na fara, sai na tsaya cak a tsakiya, kalmomin sun ɓace min. Abokiyar aikina kuwa amai ta yi bayan fasinjoji sun fita.

Mun faɗa wa shugabar tawagarmu, ta faɗa wa kyaftin, ya ce zai rubuta. Jirgin dai ya sake tashi da wasu ma'aikatan. Da na je ofis aka ce min gajiya ce da rashin shan ruwa. Na san gajiya, aikinmu ke nan, kuma gajiya ba ta da wari. Har yanzu ciwon kan yana zuwa yana tafiya, yatsun hannuna na dama suna yi min dindiris da safe, ga mantuwar da ban san kaina da ita ba. Ina son aikina, da shi nake riƙe gida. Ku taimaka min da gaskiyar magana, kada ku lallashe ni, kada kuma ku tsorata ni a banza.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Warin da kika kwatanta duk wanda ya yi aikin injin jirgi ya san shi, haka man inji yake wari in ya hau iska mai zafi. Bari in faɗa miki ta inda yake shiga, maganar jiki kuma in bar wa likitoci.

A can sama, ƙafa 35,000 ko fiye, iska ta yi siririn da ɗan Adam ba zai rayu da ita ba, dole a matse ta kafin a tura muku. Shi injin jirgi aikinsa na farko dama matse iska ne: yana zuƙo ta daga gaba, ya bi da ita ta jerin farfeloli suna matsa ta, sannan ta isa inda ake ƙona mai. To masu ƙera jirgi sai suka buɗe ƙofa a tsakiyar jerin nan, kafin wurin ƙona mai, suna tatsar wani kaso. Iskar tana fitowa da zafin da ya haura digiri 200, a sanyaya ta a na'urorin da ke ƙarƙashin cikin jirgin, a turo ta ɗakin matuƙa da wurin fasinjoji. Kusan duk jiragen fasinja na yau haka suke.

Matsalar tana wajen boris. Sandar injin tana juyawa a kan boris, boris kuma sai da mai. Abin da ke tsare man kada ya tsallako cikin iska shi ne oyil-sil, kuma irin na jirgi da ƙarfin matsin iska yake aiki: iskar da ke waje tana danne man ya zauna a ɗakinsa. In matsin ya sauya farat ɗaya, sil ɗin kan yi sakaci na ɗan lokaci. Yaushe matsin ke sauyawa? Lokacin tada inji, lokacin da aka ba shi wuta za a tashi, da lokacin da matuƙi ya rage wuta zai fara gangarowa. Kin ga daidai lokacin da kika faɗa ke nan. In sil ɗin ya tsufa, ko an cika mai ya wuce ƙa'ida, abin ya fi yawa. Akwai kuma ɗan ƙaramin injin da ke wutsiyar jirgi, APU, wanda ke ba ku iska da lantarki kuna ƙasa. Shi ma yana yoyon mai, yana kuma iya zuƙo man haidirolik da ya zubo a jikin jirgi, ko ruwan narkar da ƙanƙara a ƙasashen sanyi, ko hayaƙin wani jirgin da ke gabanku a layi. In mai ya riga ya shafi bututun, warin kan dawo a tashi na gaba ko da an gyara yoyon, sai an wanke hanyar.

Za ki ji ana cewa ai akwai filta. Akwai, sunanta HEPA, kuma tana da kyau wajen kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Sai dai wajen rabin iskar da ke cikin jirgi tsohuwa ce ake sake juyawa, ita ce ke bi ta filtar. Sabuwar da ke fitowa daga inji ba ta bi ta nan a yawancin jirage. Ko da ta bi ma, HEPA ba ta riƙe tururi.

Ga abin da ya fi ci min rai tsawon aikina: babu na'urar da doka ta tilasta a sa don ta gano mai a cikin iskar nan. Akwai mai gano hayaƙi a banɗaki da ɗakin kaya, amma ta mai babu. Hancinku shi ne na'urar. Sai matuƙi ya rubuta "an ji wari" kawai, mu zo mu tada inji a ƙasa, yanayin ba irin na sama ba ne, warin ya ƙi fitowa, mu sa hannu cewa ba a ga matsala ba, jirgi ya tafi. Ba mugunta ba ce, rahoton ne bai ba mu bakin zare ba.

Jirgi ɗaya da ya kauce wa tsarin shi ne Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011. Shi ta wasu ƙofofi dabam yake zuƙo iskar waje, ya matse ta da na'urar lantarki, ba ta ratsa inji. Tsofaffin jirage irin su Boeing 707 da DC-8 ma da na'urar matsi ta dabam suka fara. Ke nan hanya tana nan, tsada da nauyi ne suka sa aka bi mai sauƙi.

Matafiyi Kullum ya amsa:

Baiwar Allah, ni shawarata ki ajiye aikin nan tun da sauran lafiyarki. Na karanta cewa a Ingila wani matuƙi ya mutu saboda wannan iskar, har kotu ta tabbatar. Kuɗi ba su kai rai ba.

Likitar Ma'aikata ta amsa:

Malam Matafiyi, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma a gyara labarin. Matuƙin da kake nufi shi ne Richard Westgate, ya rasu a Disamban 2012 yana da shekara 43, bayan ya daɗe yana jinya yana kuma zargin iskar jirgi. A 2015 jami'in binciken mace-mace na farko ya rubuta gargaɗi ga hukumomi kan gurɓatar iskar jirage. Amma da aka kammala binciken a 2017, hukuncin shi ne maganin barci ne ya yi masa yawa bisa kuskure. Kotu ba ta ce iskar ce ta kashe shi ba. Kada mu sa ta bar abincinta a kan labarin da bai cika ba.

Ƙanwata, sannu da jiki. Magana biyu ce a nan, a raba su.

Ta farko ba ta da gardama. Mai da ya ƙone yana fitar da abubuwa masu yawa: tururi mai fusata ido da huhu, ƙananan ɓurɓushi, wani lokaci har da kabon monoksaid, wata iska mai guba marar wari. Shaƙarsu tana kawo yajin ido, tari, ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ruɗewar tunani na ɗan lokaci. Hukumomin jiragen sama da kansu sun yarda ana samun irin wannan. A 2007 kwamitin masana guba na gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta abin yana faruwa a kusan tashi 1 cikin 2,000. Ga fasinja mai tafiya jefi-jefi wannan kaɗan ne. Ga wadda ofishinta shi ne jirgi, lissafin dabam yake.

Ta biyu ita ce ake jayayya a kanta: ko yana barin lahani na dindindin a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Dalilin fargabar shi ne wani sinadari da ake zuba wa man injin jirgi don hana ƙarfe cinyewa, TCP, kashi kaɗan cikin ɗari. Danginsu ɗaya da wasu magungunan kashe ƙwari, kuma wani nau'insa sanannen dafin jijiya ne. A Maroko a 1959 wasu 'yan kasuwa suka gauraya man girki da man injin jirgi, mutane wajen 10,000 suka samu shanyewar gaɓoɓi. Sai dai su ci suka yi, da yawa, kwana da kwanaki, kuma man yau an rage masa wancan nau'in ƙwarai. Don haka ba a ɗauko labarin Maroko a ɗora shi kai tsaye a kan wari na minti kaɗan.

A 1999 wasu masana uku, Jean-Christophe Balouet da Chris Winder da Harry Hoffman, suka raɗa wa tarin alamomin da ma'aikatan jirgi ke kuka da su suna, cutar dafin iskar jirgi. Har yau ba ta shiga jerin cututtukan da aka amince da su a hukumance ba. Jami'ar Cranfield ta Birtaniya ta auna iska a tashi 100, ta fitar da rahoto a 2011 cewa ba a wuce iyakar hatsari ba. EASA, hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, ta auna tashi 69, ta ce a 2017 iskar ta yi daidai da ta ofisoshi da makarantu ko ta fi. Kamfanoni suna kafa hujja da waɗannan. Ni abin da nake lura da shi, a tashi 100 ɗin Cranfield ba a samu ko ɗaya da gurɓatar ta kai a rubuta mata rahoto ba. An auna ranakun lafiya, ba a auna irin ranarki ba. A 2013 kwamitin Birtaniyar nan ya ce ciwon da mutane ke faɗa na gaske ne kuma yana iya nakasa su, ya ce da wuya dafi ne sanadi amma ba za a iya kore shi ba, fargabar an shaƙi guba ma tana iya haifar da alamomi a jiki, kuma hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke ba. Ra'ayina shi ne tun da ba a aunawa a lokacin da abin ke faruwa, ba wanda yake da hurumin ce miki babu komai.

Yanzu ke. Ki je asibiti a makon nan, ki nemi likitan jijiyoyi ko na lafiyar ma'aikata. Ki faɗi ranar da abin ya faru, ki nemi a rubuta a katinki cewa kin shaƙi tururin da ake zargin na man inji ne a wurin aiki. A gwada ƙarfin hannu da jin taɓi, a auna numfashi, in mantuwar ta ci gaba a yi gwajin tunani da riƙe abu. Kuma ki yarda a nemi wasu dalilan. Dindiris a yatsu yana zuwa daga ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ko dannewar jijiya a wuyan hannu, wanda masu jan keken abinci da ɗaga kaya ke yawan samu. Duk waɗannan suna da magani, asara ce a bar su don an riga an ɗora laifi a kan jirgi.

Gwajin jini kuwa yana da lokaci. Kabon monoksaid yana raguwa da rabi cikin awa 4 zuwa 6 in mutum yana shaƙar iska mai kyau, don haka naki ya wuce. In Allah ya kiyaye ya sake faruwa, daga filin jirgi sai asibiti, kada ki je gida ki kwanta tukuna. In kika ji ƙirji ya riƙe, numfashi yana sarƙewa, baki ya karkace ko gefe ɗaya ya mutu, wannan na gaggawa ne ko mene ne sanadinsa.

Baba Kyaftin ya amsa:

'Yata, na yi ritaya amma maganar nan ba ta bar ni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku da ke baya kuna jin abin da mu a gaba wani lokaci ba ma ji, ko mu ji shi a makare.

A Nuwamban 1999 wani jirgi ƙirar BAe 146 yana gangarowa Malmo a Suwidin, mataimakin matuƙi ya ji jikinsa ya saki, ya sa takunkumin oksijin, can sai kyaftin ɗin ma jiri ya kwashe shi. Takunkumin ne ya cece su suka sauka lafiya, masu bincike kuma suka ce mai yiwuwa gurɓatacciyar iska ce. Shi ya sa darasin farko ga matuƙi shi ne in ka ji baƙon wari, sa takunkumi kafin ka tsaya tambayar mene ne. Namu yana ba da oksijin zalla. Na fasinjoji da ke faɗowa daga sama yana gauraya oksijin da iskar cikin jirgi, an yi shi ne don ranar da matsin iska ya zube, ba ya kare mutum daga tururi.

Irin jirgin nan ne ya sa majalisar dattawan Ostireliya ta yi bincike ta fitar da rahoto a 2000. A can ne kuma wata ma'aikaciya irinki, Joanne Turner, ta shaƙi hayaƙin mai a 1992 tana da ciki, tari ya kama ta ya ƙi saki. Ta kai ƙara, sai a 2010 babbar kotun ƙasar ta rufe maganar da barin diyyarta. Shekara 18. A 2015 ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da takardar jagora mai lamba 344 kan koyar da ma'aikata gane warin da yadda za su kai rahoto. A Amurka dokar sufurin sama ta 2024 ta umarci FAA, hukumar jiragen saman ƙasar, ta tsara hanya ɗaya ta karɓar irin waɗannan rahotanni. Tafiyar tana da nawa, amma ana yin ta.

Na yi zamanin da ake shan sigari a cikin jirgi. Ma'aikatan baya ne suka yi ta kuka ana ce musu raki, har Amurka ta hana a kusan duk tafiye-tafiyen cikin gida a 1990, ta gama hanawa gaba ɗaya a 2000. Kada ki ji kunyar maimaita ƙorafinki.

Mai Hidima a Sama ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma. Likita, na karɓi katin ganin likitan jijiyoyi, kuma zan yarda a duba sugan da sauran. Sauran tambaya biyu. Takunkumin fuska irin na asibiti zai taimaka in na sa a aljihu? Sannan gaskiya ina tsoron rubuta rahoto da sunana, kada a sa min ido a ce ni mai neman fitina ce.

Yaya Babba ta Ƙungiya ta amsa:

Ƙanwata, na asibiti ba ya tare tururi ko kaɗan. Akwai masu gawayi a ciki da ke rage wasu sinadaran, amma ba sa tare kabon monoksaid, kuma sai kin tambaya ko dokar kamfaninku ta yarda da su. Hular hayaƙin da ke cikin kayan gaggawa tana ba da iska na wajen minti 15, an tanade ta don kashe gobara, ki bi abin da littafin aikinku ya ce a kanta. Abin da ke hannunki nan take shi ne ki kira ɗakin matuƙa ba tare da jira ba, ki ce "warin mai", ki faɗi inda ya fi ƙarfi. Su suna iya rufe iskar injin da ake zargi su bar ɗayan. In kanki ya fara juyawa ki zauna, ki gaya wa abokiyar aiki, a ba ki oksijin na kwalba.

Tsoron da kike ji kuwa duk mun ji shi. Amma rahoton lafiyar jirgi haƙƙinki ne kuma aikinki ne, tsarin da ICAO ta shimfiɗa ya ce kada a hukunta mai kai rahoto da gaskiya. Kada ku dogara da "kyaftin ya ce zai rubuta". Ke ki rubuta naki, abokiyar aikinki da ta yi amai ta rubuta nata, kowa da hannunsa, ku aika wa ƙungiya kwafi, ku riƙe kwafi a gida. Mutum biyu a tashi ɗaya sun fi wuyar a ce musu gajiya. Ko an kwana biyu, bai ɓaci ba, ki rubuta yau.

Ki sa kwanan wata, lambar tafiya, da lambar rajistar da ke jikin jirgin, don da ita ake bin tarihinsa a ga ko wasu sun taɓa kuka da shi. Ki faɗi matakin da ake ciki, wato farkon gangarowa, da tsawon lokacin da warin ya ɗauka gwargwadon tunawarki. Ki kwatanta warin da kalmominki yadda kika yi mana nan, ki ce daga ramukan iska yake fitowa ko daga wani wuri, ki lissafa wuraren da kika duba ba ki ga komai ba. Ki rubuta abin da kika ji a jiki da lokacin da ya fara, har da tsayawar da kika yi a tsakiyar sanarwa, domin wannan yana nuna abin ya taɓa aikin tsaro, ba jin daɗinki kaɗai ba. A ƙarshe ki nemi a ba ki amsa a rubuce kan abin da makanikai suka gano, da sunan man da ake zuba wa injin da takardar bayanin hatsarinsa, ki kai wa likitan ranar da za ki gan shi.

Tsohon Bakanike ya ƙara da cewa:

In za ki iya, ki tambayi kyaftin ɗin ran nan ko APU yana kunne lokacin, da kuma ko su ma sun ji warin a gaba. A jirage da yawa ɗakin matuƙa daga ɓangaren hagu yake samun mafi yawan iskarsa, don haka in baya ya ji gaba bai ji ba, mun san injin da za mu fara buɗewa.